Tambayi Kawu: An kwance madubin motar ɗan maigida, wai ni zan biya

Assalamu alaikum Kawu, ya iyali ya zafi. Ni direba ne a wani gida nan Jidda wajen unguwar Rauda, shekarata huɗu da su wlh ban taɓa ko goga musu mota ba. To ɗan maigidan yana da Mustang ja, ba ni ke tuƙa ta ba nawa dai wanki ne duk bayan kwana biyu, kuma garejin gidan mota biyu yake ci, ta Baban da ta Hajiya, shi ya sa tashi kullum a waje take kwana jikin katanga. Ranar Alhamis da ta wuce na fito bayan asuba da bokitina sai na ga madubin gefe duka biyun babu, wayoyi ne kawai ke lilo, tambarin dokin nan na gaba an ɓanɓare shi, sannan an bi ƙofar direba da abu kaman ƙusa an ja layi tun daga gaba har kusa da tayar baya. Na kira yaron ya fi sau goma bai ɗauka ba sai azahar da ya tashi. Yanzu maganar da ake a gidan wai ɗakina ne ke kallon titi ya za a yi a ce ban ji komai ba, wai a albashina za a cire, alhali albashin gaba ɗaya riyal 1,500 ne kuma ina da mata da yara uku a Gusau. Wani abokina ya ce in kawo riyal 400 zai samo min madubin wajen wasu yara a mayar a rufe maganar. Dan Allah Kawu me zan yi, ko barci ba na iyawa.
Ɗanka a Rauda, Jidda

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sanyaya maka. Bari in fara da maganar abokin nan naka don ita ta fi tayar min da hankali: kar ka ba shi ko halala ɗaya. Yaran da za su samo maka madubin Mustang guda biyu masu launin motar cikin kwana ɗaya a kan riyal 400, a ina suka samo shi? Ko dai naku ne da aka kwance za a sayar maka, ko na wani bawan Allah ne da za a je a kwance daren yau saboda kai ka yi oda. Kuma ka yi tunanin ranar da ka shigo gidan da madubin a hannunka, mutanen da tun yanzu suke cewa ya aka yi ba ka ji ba, me kake ganin za su ce? Ai ka ɗaura wa kanka igiya kenan da hannunka. Kai baƙo ne mai igama, wato takardar izinin zama, kayan sata a hannunka ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar nan, abin da zai iya kai mutum gidan yari ne daga nan a sa shi a jirgi.

Na yi shekaru masu yawa a warsha, wato wajen gyaran mota, a sina'iyya unguwar makanikai, kafin gwiwa ta zaunar da ni, kuma abin da idona ya gani shi ne satar kayan mota ba ta rayuwa sai da mai saye. Ba wanda zai kwance madubi ya kai gida ya riƙa duba fuskarsa. Irin motocin nan na gudu, Mustang, Camaro, Charger, Challenger, balle a je ga Porsche, kayansu tsada ne da su a wakala, wato wajen dillalin kamfanin, kuma wani lokacin sai an yi oda an jira makonni, ga harajin kashi 15 da ake ɗorawa tun 2020. Madubin ma ba gilashi ba ne kawai, akwai ɗan injin da ke juya shi a ciki, wasu har da fitilar da ke nuna maka mota na gefenka. To mai motar da ya fasa nashi a kwana yana jin farashin wakala sai ya fara tambayar ko akwai na hannu, daga nan kasuwa ta buɗe wa ɓarawo.

Yanzu abin yi. Ka samu Baban shi kaɗai, ba yaron ba kuma ba a gaban Hajiya ba, bayan la'asar in ya huta, ka ce masa cikin ladabi: ya ammi, ni na fi kowa son a gano wanda ya yi wannan, mu kai balag (rahoto) wajen shurɗa ('yan sanda) ni zan raka ku in faɗi abin da na gani. Wannan kalmar kaɗai tana wanke mutum, don mai hannu a ciki ba ya roƙon a kira hukuma. Motar da sunan wa take a istimara, wato takardar rajistarta, shi ne zai shigar da ƙarar a ofishin shurɗan unguwa, ko ta manhajar Kulluna Amn, in kuma abu ne da ke faruwa a lokacin to 911 ake kira a yankin Makka har da Jidda. Kamfanin Najm ba ruwansu da wannan, su na hatsari ne tsakanin motoci, mutane da yawa na ɓata lokaci suna kiran su. Kuma ku yi sauri don Rauda unguwa ce da kusan kowane gida da kyamara a bakin ƙofa, amma na'urar tana goge tsohon hoto ta ɗora sabo, in aka yi sanya sai a je a tarar daren Alhamis ɗin ya tafi.

Sai batun inshora, ka tambaya a hankali wace iri ce a kan motar. In didda gair ce to ba ta biyan komai na motarka, ta wanda ka buga ce kawai. In shamil ce, wato wadda ta haɗa har da motarka, akwai fata, amma sai an karanta takardar don kowane kamfani da sharuɗansa a kan satar sassa, kuma akwai ɗan kason da mai mota ke biya da kansa, sannan ba za su saurare ku ba sai da takardar shurɗa.

Layin nan da aka ja a ƙofa kuwa, shi na fi tsayawa a kai da na karanta wasiƙarka. Ɓarawo sauri yake, ba shi da lokacin tsayawa yana zane a jikin fenti, abin da ba zai sayar ba bai dame shi ba. Mai jan layi da ƙusa mutum ne mai jin haushi. Ka tambayi kanka tsakani da Allah, yaron nan ƙarfe nawa yake dawowa daga yawo a titin Tahliya ko Kornish na bakin teku, kuma in ya shigo layin yana taka motar salansa na ƙara har jarirai su farka? Yana ajiye ta ta tare ƙofar maƙwabci? Ban ce hakan ya halatta ɓarna ba, haramun ne kuma zalunci ne, wanda aka dama ya je ya buga ƙofa ya yi magana. Amma zai yiwu aikin mutum biyu ne daban, ko kuma mutum ɗaya da ya haɗa haushi da kwaɗayi, kuma duk ba su nuna kai ba. Wannan ka bar shi a ranka, in shurɗa sun tambaye ka ko akwai wanda aka taɓa samun saɓani da shi ka faɗi iya abin da ka sani, kar ka ƙara gishiri kar kuma ka ambaci sunan wanda ba ka gani ba.

Albashinka kuma, an ɗauke ka tuƙi ne ba gadi ba. Ba kai ka ajiye motar a waje ba, ba kai ka lalata ta ba, ɗaki mai kallon titi da AC na kurma kunne ba laifi ba ne. In duk da haka aka yanke, kar ka yi faɗa kar kuma ka bar gidan cikin fushi don kar a rubuta ka gudu. Ka ajiye shaidar abin da ya shigo asusunka, ka kira ma'aikatar ƙwadago a 19911 ko ka bi ta dandalin Musaned, nan ne hanyar ma'aikatan gida. Amma ina kyautata zaton dattijon da ka yi wa aiki shekara huɗu ba tare da ƙorafi ba in ka zauna da shi shi kaɗai ba za a kai nan ba.

*

Salam Kawu. Ni haifaffen Makka ne, na tara kuɗi shekara uku na sayi Charger ta hannu 2016, wata biyu kacal na fito da safe na tarar da ita a kan bulo, tayoyi huɗu da jant ɗinsu, wato rim, duk an tafi da su, ɓangare ɗaya ma bulon ya zame motar ta zauna a kan faifan birki. Na kai balag. Tambayata in na sa wasu ya zan yi kar a dawo, don a gidan haya nake ba mu da gareji.
Ɗanka daga Rusaifa

Ɗana sannu, na san zafin wannan, shekara uku ba kwana uku ba. Kafin ka ɗaura sababbi ka kai ta warsha a duba faifan birkin da ta zauna a kai da duk ƙafar wajen, don nauyin Charger ba wasa ba ne kuma faifan da ya lanƙwashe ba ya nunawa sai kana gudu a hanyar Jidda ka taka birki sitiyari ya fara rawa.

Sannan ka sayi notin nan mai makulli, ɗaya a kowace taya, wanda sifana ta gama-gari ba ta kama shi. Ba wai ya gagari ɓarawo kwata-kwata ba ne, amma yana cin lokacinsa kuma lokaci shi ne abin da ba shi da shi. Makullin notin kar ka bar shi a aljihun gaban mota yadda kowa ke yi, ka haɗa shi da makullin gida. Ka sa ƙararrawa mai jin an ɗaga mota ba mai jin an buɗe ƙofa kaɗai ba, don masu tayoyi ba sa taɓa ƙofa. Wajen ajiyewa ka nemi ƙarƙashin fitila, gaban bagala (shagon kayan masarufi) ko kantin magani da ke kwana a buɗe, ka matsa da ita sosai jikin dakalin titi ka karya sitiyari. In akwai imara, wato benen haya, kusa mai wurin ajiye motoci a ƙasa, ka yi magana da mai ita ko a biya wani abu duk wata, ya fi sayen jant sau biyu.

Wani abu da samari ba sa son ji: rigar mota. Ka saya ka riƙa rufe ta, ga rana ga ƙura dama, kuma wanda ke zagaye da dare yana leƙen jant ba ya ganin komai. Na san an sayi motar ne don a gan ta, to a gan ta da rana. Haka hoton da kuke ɗorawa a Snapchat a ƙofar gida lamba a fili, ku rage. Dodge sun daina ƙera wannan samfurin na Charger da Challenger a ƙarshen 2023, masu su kuma suna nan da yawa a titi suna neman kaya.

Ka leƙa ƙarƙashinta ma ka tabbatar dabbar talawwus tana nan, wato tukunyar nan da ke jikin salansa mai tace hayaƙi. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinta, falatinam da faladiyam da rodiyam, shi rodiyam ɗin a 2021 farashin oza ɗaya ya haura dala dubu 25, shi ya sa satarta ta yi yawa a duniya. Sun fi bin manyan motoci masu tsayi da ake shiga ƙarƙashinsu ba jak, amma taka ai ta kwana a ɗage. In ka tayar ka ji ƙara kaman babur ɗin da salansa ta fashe to ka san an yi. Kuma in za ka sayi jant na hannu ka je tashlih, wato wurin sayar da kayan tsofaffin motoci, mai rajista irin na Bariman a Jidda, ka karɓi fatura (rasit) da sunan shagon, ba wanda zai ce ku haɗu bayan gidan mai ƙarfe sha ɗayan dare ba.

*

Kawu barka da aiki. Ni haris ne, wato mai gadi, a wata imara a unguwar Safa, an cire lambar mota da tambarin Camaro ɗin wani ɗan haya kuma kyamararmu ta kama fuskar yaron sarai. Mai motar ya ce in tura masa bidiyon zai sa a TikTok a tona masa asiri. In tura?
Ɗan'uwanka a Safa

A'a ɗan'uwa, kar ka tura. Dokar kyamarorin tsaro da aka fitar a 2022 ta hana yaɗa abin da suka ɗauka ba da izinin hukuma ba, tarar riyal 20,000 ce, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2007 da ke hukunta ɓata suna, sai a wayi gari ɓarawo na gefe kai da mai motar kuna amsa tambaya. Ka gaya wa mai imarar yau ɗin nan, a adana hoton daren kar ya goge, ka rubuta rana da lokaci a takarda. Mai Camaro kuma ya tafi shurɗa yanzu ba gobe ba saboda lambar, don in aka liƙa ta a wata mota duk tarar da kyamarar titi ta Sahir ta ɗauka sunansa za ta hau, in aka yi aika-aika da ita ma ƙofarsa za a fara bugawa. In jami'ai suka zo suka nemi bidiyon sai ka buɗe musu ɗakin na'urar su ɗauka da kansu.