Tablet za mu sayo wa ɗalibai, ko da me za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce shugabar wata ƙaramar makarantar sakandare a Agege, nan Legas. Galibin ɗalibanmu 'ya'yan Hausawa 'yan kasuwa ne, kuma lissafi da fiziks suna ba su wahala matuƙa. Iyaye sun haɗa wasu kuɗi, wasu na cewa a je Computer Village a sayo tablet a raba wa yara. Mece ce shawararku?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka wa iyayen nan da alheri. Sai dai ni ban goyi bayan sayen tablet ɗin ba, aƙalla a yanzu.

Ƙasar Peru ta taɓa bin wannan hanya, ta raba wa yaran firamare ƙananan kwamfutoci a shirin One Laptop per Child. Binciken da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka (IDB) ya fitar a 2012 ya nuna makinsu a lissafi bai ƙaru ba. Ita kuwa gwamnatin Legas, da ta fara shirin EKOEXCEL a 2019, malaman firamare ta bai wa tablet ɗauke da darussa, ta kuma horar da su. Malami shi ne mafari.

Ku sayi kwamfutar tafi-da-gidanka guda mai ƙwari, da babban talabijin da za a kafa a bango, da sola da batir, tunda kin san halin wuta. Na fi son talabijin a kan majigi mai araha, domin da rana tsaka hoton majigin dusashewa yake yi, 'yan layin baya ba sa ganin komai.

Manhajojin kyauta ne. Akwai PhET, mai kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya a kan allo, ta Jami'ar Colorado a Amurka, wadda Carl Wieman, mai lambar Nobel a fiziks, ya kafa a 2002, da kuma GeoGebra ta lissafi. Ana sauke su sau ɗaya, a yi ta aiki da su ba tare da data ba.

Yadda za a yi amfani da su shi ne abin da ya fi damuna. A ce malami ya haɗa batir da ƙwan fitila ɗaya a PhET, ya kama. Kafin ya ƙara ƙwai na biyu a jere, sai ya dakata, ya ce kowa ya rubuta a littafinsa: hasken zai ƙaru, zai ragu, ko yana nan yadda yake? A bar su su yi gardama, da Hausa ma idan ta fi musu sauƙi. Sannan ya ƙara. Duka biyun za su dusashe, saboda turjiyar da wuta ke fuskanta ta ninka, wutar da ke gudana ta koma rabi. Yaron da ya rubuta "yana nan" ya ga akasi da idonsa, da wuya ya manta. Idan aka tsallake wannan dakatawar, kallo kawai suka yi. Haka ma y = mx + c a GeoGebra: su fara cankar inda layin zai karkata kafin a motsa m, lambar da ke nuna karkatar layin.

Amma kada allo ya sa a yar da aikin hannu. A gwajin fiziks na WAEC, yaro zai riƙe rula da agogo ya auna da kansa. Zare da ɗan dutse da agogon waya sun isa a ƙirga lilo 20, a raba lokacin da 20, a zana jadawali.

'Yan aji uku na babbar sakandare (SS3) kuma a riƙa ba su kwamfutar bi da bi suna amsa tsofaffin tambayoyi, tunda JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015.

A ware wani abu daga kuɗin don gyara da sauya batir. Kuma a horar da malamai biyu ko uku, don kada wanda ya iya ya samu wani aiki ya tafi, kayan su koma cikin kwali.