Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Wa Ya Ɓata Mana Ben 10?

Jama'a barkanmu da wannan mako. Saƙonnin da suka taru a kan katun sun yi yawa, to na tsamo guda huɗu da suke tafiya tare, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ƙorafi ne da ni. Tun ina firamare nake kallon Ben 10, a faifan CD muka fara kafin a sa mana dish. Kwanaki na je gida hutu na tarar da ƙanena na kallon wani abu wai shi ma Ben 10 ne, wallahi da ƙyar na gane shi, kai ƙato jiki ɗan mitsitsi, ba faɗan kirki sai surutu da shirme, kafin ka gyara zama ma ya ƙare. Wai su wa suka saye katun ɗin nan suka lalata shi haka? Daga wani ɗalibin jami'a a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da zai ba ka haushi shi ne ba wasu baƙi ba ne suka yi, masu shi ne da kansu. Tashar Cartoon Network ta Amurka da ta fito da na farko a Disambar 2005 ita ce ta fito da wannan a 2016, kuma marubutan nan huɗu da ake kira Man of Action, wato Duncan Rouleau da Joe Casey da Joe Kelly da Steven T. Seagle, waɗanda su suka ƙirƙiro Ben ɗin tun asali, da hannunsu a ciki dumu-dumu. Kai har muryar Ben ma ba a canza ba, Tara Strong ce, eh mace ce, 'yar asalin Kanada, ita ta yi muryarsa a wanda ka kalla kuma ita suka sake ɗaukowa.

To me ya kai su? Lissafa da kanka. Na farko ya tafi daga 2005 zuwa 2008, Ben na ɗan shekara 10, suna yawon hutu a tsohuwar motar kakansa Max shi da Gwen 'yar baffansa, ya tsinci agogon Omnitrix mai rikiɗa shi zuwa dodanni ya maƙale masa a hannu. Daga nan aka yi Alien Force a 2008 ya zama ɗan 15, aka yi Ultimate Alien a 2010 ya kai 16 har duniya ta san shi, aka zo Omniverse daga 2012 zuwa 2014. Kafin a kai ƙarshen wannan dodannin da ke cikin agogon sun haura 50, ga tarihin Plumbers, wato 'yan sandan sararin samaniya, ga Azmuth da ya ƙera agogon, ga rigimar Kevin da ya fara a mugu ya dawo aboki, ga wasu duniyoyin daban kowace da nata Ben ɗin, to fisabilillahi yaro ɗan shekara 6 da ya kunna talabijin a 2016 ta ina zai shiga wannan labari? Kai da ka san komai kuma ka girma, in kana da shekara 8 a 2005 to a 2016 ka kai 19, ka koma kallon bal da fim ɗin Indiya, kuma ba za ka tsaya a kanti kana birgima sai an saya maka agogon roba ba. Tashar yara kamar malamin aji ɗaya take, duk shekara sabbin fuskoki ne a gabansa, dole ya koma kan baƙi da wasali ko da shi ya gaji da su. Shi ya sa suka share allon gaba ɗaya, suka mayar da Ben ɗan shekara 10, suka koma dodanni goma da mota da kaka.

Amma fa ba zan ce ba ka da gaskiya ba. Wanda ka saba kowane kashi wajen minti 22 ne, wannan kuwa minti 11, kuma nan ne aka yi babbar asara a ganina. A minti 22 akwai lokacin da za a nuna bos ya fi ƙarfin akta, agogon ya fara ƙara yana ja daidai lokacin da Four Arms, dodon nan mai hannu huɗu da Ben ke rikiɗa zuwa, ya ɗaga hannu zai kai duka, ka ga Ben ya dawo ɗan yaro siriri a gaban ƙaton mugu ba shi da komai sai wayo da gudu, kai kuma kana gaban talabijin zuciyarka na dukan uku-uku. A minti 11 ina wannan lokaci? Matsala ta taso, a yi raha biyu, a doke ta, a tashi. Su kuma abin da suke so kenan, gajeren kashi ya fi sauƙin maimaitawa da rana, ba sai ka kalli na jiya za ka gane na yau ba, kuma ya fi zama daidai a YouTube da wayar da yaro ya karɓa a hannun mamansa.

Zanen ma an sauƙaƙa shi da gangan. Dubi Stinkfly kawai, a da ƙwaro ne mai ban ƙyama, idanu huɗu a kan wasu tsinkaye suna lilo, yanzu ya koma kamar mutum da ƙafa biyu da fiffike. Wildmutt da Ripjaws da Ghostfreak ba sa cikin goman farko na sabon, aka sa Cannonbolt da Wildvine da wani sabo na ruwa mai suna Overflow. Cire Ghostfreak kaɗai ya isa ya gaya maka wa ake nufi da katun ɗin, don shi ne wanda ya ɓalle daga agogon ya dawo yana farautar Ben, yara da yawa sun kasa barci a kansa.

Shawarata, in za ka iya daure wa farkon zango na ɗaya wanda ni ma bai burge ni ba, ka kai ƙarshensa inda babban mugun nan Vilgax ya shigo, a zango na uku kuma Kevin ya zo da nasa agogon, a nan ya fara yin nama. Har ila yau a 2021 sun rufe da wani na musamman mai suna Alien X-Tinction inda suka dawo da tsofaffin Ben ɗin suka haɗu da sabon, wannan dai dominku aka yi shi. Kuma ka bar ƙaninka ya ji daɗin kayansa, kowa ya tuna bara ai bai ji daɗin bana ba, shi nasa Ben ɗin kenan.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Yarana biyu maza, ɗaya 5 ɗaya 9, kullum Ben 10 har na haddace waƙar. An ce min kala-kala ne, wanne ya dace da su? Sannan ƙaramin ya hana ni sakat sai na saya masa agogon. Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Hajiya barka kadai, Allah ya raya su. Na 2016 ɗin nan da ɗan'uwanmu na sama yake kuka da shi, shi ne daidai da ɗan shekara 5, ba abin tsoro sosai, Ben da Gwen ma sun fi jituwa, ba kamar na farko ba da suke yini suna yi wa juna baƙar magana. Babban zai iya na 2005. Alien Force da Ultimate Alien kuwa na matasa ne, akwai 'yan soyayya a ciki, Ben da Julie, Gwen da Kevin, sannan tun daga na farko akwai batun tsafi da littafin siddabaru a wajen Hex da Charmcaster har Gwen ta koya, na faɗa miki ne don ki sani, ki zauna ki kalli kashi biyu ko uku tare da su ki yanke hukunci da idonki, kar ki dogara da wai ai katun ne.

Maganar agogo kuma, Hajiya ba laifin yaron ba ne, aikin da aka tsara katun ɗin ya yi kenan. Irin waɗannan shirye-shiryen na jarumai ba talla kaɗai ke riƙe da su ba, kayan wasa ne, da jakar makaranta da riga da takalmi. Tsohon Ben 10 kamfanin Bandai ne ke yin kayan wasansa, da aka sake shi sai aka ba Playmates Toys, kinga sabon zane na nufin sabon agogo da sabbin 'yan tsana, wanda yayansa ya bari a kwali ya zama tsohon yayi. In kin lura kusan duk zango sai agogon ya sami wani ƙari, yau sabon dodo Shock Rock gobe sulken Omni-Kix, ba banza ba. Abin har kashe shiri yake yi, Young Justice da aka fara a 2010 mutane na son sa sosai amma aka tsayar da shi a 2013 bayan zango biyu, kuma Greg Weisman ɗaya daga masu shirya shi ya bayyana cewa kuɗin yin sa na haɗe ne da cinikin kayan wasan Mattel, da wannan ya tsaya shirin ya tsaya, sai 2019 ya dawo. In za ki saya ki duba murfin batirin, waɗannan ƙananan batira masu kama da maɓalli haɗari ne babba in yaro ya haɗiya, ki ɗauki wanda aka ɗaure murfinsa da sukuru.

TAMBAYA: Me ya sa wasu katun in an dawo da su ake yabo wasu kuma sai zagi? Na ga kowa na yabon X-Men '97. Daga wata mai karatu a Yamai.

AMSA: Ƙanwata ya danganta da wa aka yi wa girkin. X-Men '97 da Disney+ ta saki a Maris 2024 ba daga farko aka sake ba, daga inda na 1992 zuwa 1997 ya tsaya aka ɗora, don waɗanda suka kalla suna yara yanzu su ne ke biyan kuɗin kallo duk wata, su kuma su ne masu rubutu a intanet, dole ki ji yabo. Teen Titans Go! kuwa tun 2013 manya ke tsine masa saboda ya mayar da Teen Titans na 2003 wasan barkwanci, alhali masu muryar ma su ne dai na da, ga shi ya yi ɗaruruwan kashi har da fim a silima a 2018, don 'yan shekara 7 ba sa rubuta ƙorafi, kallo kawai suke yi. Wanda ni nake ganin an yi kwaɓa shi ne Powerpuff Girls na 2016, ba Craig McCracken mai shi, an canza muryoyin 'yan matan uku, aka rage faɗan aka cika shi da yayin intanet, ya tsaya a 2019. Abin da na fi tunawa da shi kawai Bliss ce, 'yar'uwarsu ta huɗu da aka kawo a 2017, wadda mawaƙiyar Afirka ta Kudu Toya Delazy ta yi wa murya a wanda aka nuna a nahiyarmu.

TAMBAYA: Malam ni na iya zane, ina so in yi nawa Ben 10 ɗin na Hausa, da hula da 'yar shara, in sa a YouTube in samu kuɗi. Ya ka gani? Daga wani matashi a Maraɗi.

AMSA: Ɗana, zane a littafinka ko ka nuna wa abokai ba wanda zai bi ta kanka, amma da zarar ka ce kuɗi to ka taɓo masu shi. Ben da agogon da sunayen dodannin duk mallakar Cartoon Network ne, ita kuma tana ƙarƙashin Warner Bros. Discovery, hula ba ta canza wannan, suna iya sa a sauke bidiyon ko a rufe maka tashar bayan ka gama shan wahala. Tunda wahalar ɗaya ce me zai hana ka yi naka jarumin? Ridwan Moshood ɗan Najeriya ne, ya ci gasar Cartoon Network ta Afirka a 2018 da nasa tunanin, a 2023 aka fara nuna Garbage Boy and Trash Can a tashar. Roye Okupe ma daga littafin zanensa aka yi Iyanu da ya fito a 2025, ga Supa Team 4 na Malenga Mulendema 'yar Zambiya a Netflix tun 2023, 'yan mata huɗu a birnin Lusaka.

Sai dai ka san girman aikin kafin ka fara. In da hannu za ka zana, ko a kan hoto 12 ne a daƙiƙa ɗaya, minti ɗaya hoto 720 kenan, kashi ɗaya mai minti 11 ya kai 7,920, yanzu ka gane dalilin da ya sa kamfanoni ke son zane mai sauƙin layi. Kar ka ba jaruminka rigar da ta sha aiki a wuya da aljihu, za ka zana ta sau dubu ka tsane ta. Ka fara da daƙiƙa 30 kawai, hoto 360, a waya akwai manhajar FlipaClip, in kana da kwamfuta Krita da Blender kyauta ne. Ka fara naɗar muryoyin tukuna sannan ka bi su da zane, in ka yi akasin haka da wuya baki ya dace da magana. In ka gama ka turo mana mu gani.