Amsa: gyaran shago a Kasuwar Dole ta Damagaram, ina za a fara?

Malam, ka tambayi yadda za ka sake gina shagonka ya rage zafi, ya kuma tsira daga gobara. Fara da wayar kuran, wato lantarki, don galibin gobarar dare daga nan take tashi. Waya mai kauri 1.5 mm² ta fitila ce kawai, soket sai mai 2.5 mm². A zura ta cikin bututu, kada ta taɓa kwano, domin zafin rana yana busar da robar ta tsage. Haɗin da ake murɗewa da hannu a naɗe da salatif shi ke ɗumi a hankali har ya kama yadi. Shago ya samu makashin wutarsa, a kashe kafin a kulle. Jan layi daga wurin maƙwabci kuwa, bar shi.

Batun zafi: a Afrilu da Mayu Damagaram tana haura digiri 40. Ka bar tazarar santimita 30 zuwa 40 tsakanin kan bango da kwano, a rufe da raga saboda ɓera, iska mai zafi ta samu mafita. Tubalin ƙasa mai kauri ya fi bulon siminti sanyi nesa ba kusa ba, amma tushe ya zama dutse da siminti, ya ɗara ƙasa, in ba haka ba ruwan Agusta ya ci gindin bango.

Ajiye tulun kashe gobara na hoda mai kilo 6 da bokitin yashi bakin ƙofa, ba bayan kaya ba. Wutar fetur ko ta kuran ba a zuba mata ruwa. Lambar ƴan kwana-kwana a Nijar 18 ce, sai dai motarsu ba ta shiga layin da tebura suka toshe.