Maƙwabcina yana karya farashi, kantina yana ramewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kantin kayan masarufi a Hotoro, cikin Kano, shekara huɗu ke nan, kuma a kasuwar Singa nake sari. Akwai wani kanti da ke kallon nawa, kullum taliyarsa da sukarinsa sun fi nawa sauƙi da naira 50 ko 100. Duk safiya nakan tura yaro ya jiyo farashinsa in daidaita nawa. Ciniki ana yi, alhamdu lillahi, amma kantin ramewa yake yi. Ban cika rubutu ba, a ka nake riƙe lissafina. Yanzu wani abokina ya ce in ranci naira miliyan 3 in cika sito kafin azumi, tunda kaya kullum tashi suke yi. Mene ne shawararka?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Rancen nan ajiye shi gefe tukuna, za mu zo kansa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yaron da kake turawa kowace safiya. Kai ka je Singa, kai ka biya 'yan dako, kai ka biya motar da ta kawo kaya Hotoro, kai kake biyan haya, amma wani mutum da bai san ko sisi a cikin wannan ba shi yake yanka maka farashi. Shekara huɗu kana sayar da kayanka a kan lissafin wani, naka lissafin kuma babu shi a takarda ko ɗaya. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa. Ramewar kantin daga nan ta fito.

Ka san dalilin da ya sa nasa ya fi sauƙi? Ba ka sani ba, kuma yaronka ba zai jiyo maka shi ba. Wataƙila tsohon sari ne a hannunsa. Wataƙila katan 200 yake ɗauka kai tsaye daga dilan kamfani, ana yi masa rangwamen da mai katan goma ba zai taɓa gani ba. Wataƙila shagon a jikin gidansu yake, ba ya biyan haya. Akwai kuma masu sakin sukari da taliya a kan sari da gangan, domin su ne kayan da kowace mata ta san kuɗinsu, sai su fanshe a kan man gyaɗa da sabulu da madara, inda mai saye ba ya kwatantawa. Ka auna kwanonsa? Ka duba nauyin da aka rubuta a jikin ledar da ranar lalacewar kayan? A 'yan shekarun nan kamfanoni da yawa sun rage cikin leda sun bar kamanninta yadda yake. Duk waɗannan suna sa farashin kanti biyu masu kallon juna ya bambanta, kuma babu ɗaya a ciki da zai sa kai ka bi shi.

Akwai dalili na ƙarshe, shi na fi ji maka tsoro. Wani mai kanti a Sabon Garin Zariya ya taɓa kawo mini irin kukanka. Wata bakwai yana bin maƙwabcinsa a farashin sukari da fulawa, ya ce ba zai yarda a kwashe masa masu saye ba. Ashe maƙwabcin bashi yake ɗauko kayan a wajen diloli uku, yana sayarwa ƙasa da sari don ya sami tsabar kuɗin da zai toshe wani bashin. Wata safiya aka tarar da kantin a kulle, mutum ya bar gari. Wanda ya zo wurina bai ci bashin kowa ba, amma fiye da sulusin jarinsa ya tafi, domin ya bi mai faɗuwa har cikin ramin.

Yanzu zauna mu yi lissafin da ba ka yi. Mu ɗauka ka saro katan goma na taliya, kowanne naira 16,000, dako da mota 400 a kan katan. Leda 20 ce a ciki, ka sayar 900, katan ya tashi 18,000. A ka, ka ci ribar 1,600 sau goma, har ka ɗebi cefane a ciki da kwanciyar hankali. Ka koma Singa bayan sati uku ka tarar katan ya zama 18,500. Da dako 18,900. Ko da ba ka taɓa ko kwabo ba, 180,000 ɗin da ke hannunka katan tara za ta saya. Kuɗin sun ƙaru, kayan sun ragu. Yi wannan a kan shinkafa da sukari da mai da Maggi, wata bayan wata, ka ga inda kantinka ya tafi. Ba sata aka yi maka ba, kuma ba baki ba ne.

Shekarunka huɗu sun faɗa daidai lokacin da wannan kuskuren ya fi kisa. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. A watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yanka mata daraja, dala ta wuce 1,500 a farkon 2024. A tsakiyar shekarar hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Buhun shinkafa mai kilo 50 da ake samu a kan dubu talatin da wani abu ya doshi dubu ɗari. A irin wannan yanayi mai kantin da ke ɗora riba a kan tsohon sari uwar kuɗinsa yake rabawa, yana jin daɗin ciniki.

Don haka farashinka ya tashi daga abin da za ka biya yau in za ka mayar da wannan kayan cikin kantin, da dakonsa, da ɗan kason haya da wuta da yaro, sannan riba. Na san za a ce maka ƙara wa tsohon kaya kuɗi zalunci ne. Wanda ya kulle abinci a sito yana jiran mutane su galabaita shi ne ya yi abin da malamai suka daɗe suna tsawatarwa a kai. Kai ƙofarka a buɗe take, abin da kake nema shi ne katan ya haifi katan. Kuma dokar tana cin ka ta ɗaya ɓangaren: ranar da sari ya sauka, kai ma ka sauka nan take, ko da da tsada ka sayo. Masu rungume tsohon kaya suna jiran farashi ya dawo su ne ake tarar da taliyarsu ta yi ƙwari.

Wannan ya kawo mu kan abokinka. "Kaya kullum tashi suke" magana ce ta wanda ya fara kallon kasuwa a 2023. Na gaji da jin ta. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan shigo da masara da alkama da shinkafa da wake, kaka ta zo, naira ta ɗan tsaya, farashin hatsi ya yi ta sauka a 2025. Na san wani ma'aikaci da ya sayar da filinsa ya zuba kuɗin a masara a kakar 2024, buhu a kan dubu sittin da ɗoriya, yana lissafin ninki kafin damina. A kan dubu arba'in ya rabu da ita, bayan hayar sito da maganin ƙwari. Tsofaffin 'yan kasuwar Dawanau da suka shekara talatin a harkar ma sun ji jiki a wannan shekarar. Kai da ba ka san ribar katan ɗaya a kantinka ba, miliyan 3 ta mutane za ka jefa a ciki? Kar ka ci rancen nan. In kana son shirin azumi, ƙara sukari da madara da man gyaɗa daidai abin da ka san kana sayarwa cikin sati uku, da kuɗinka.

Kuma "daidai abin da ka san kana sayarwa" ba za ka san shi ba sai da littafi. Ba kwamfuta nake nufi ba, littafin makaranta mai shafi 80 ya isa. Kowane kaya shafinsa: ranar sari, nawa ka ɗauka, kuɗin sari, dako, kuɗin da ka sa masa, ranar da ya ƙare. Duk abin da ka ɗauka na gida, ko gwangwanin tumatir ne, ka rubuta shi da kuɗinsa kamar baƙo ne ya saya. Yaron nan kuma ka sauya masa aiki. Maimakon kantin maƙwabci, karɓi lambar diloli biyu ko uku a Singa, duk Litinin da Alhamis a ji farashin kaya goman da suka fi tafiya, a rubuta.

Za ka rasa wasu masu saye a kan sukari da taliya, wannan kam babu makawa. Bar su su tsallaka titi. In ka ga dole sai ka riƙe su, zaɓi kaya ɗaya kacal da za ka saki a kan sari, ka rubuta abin da yake ci maka a wata, ka tabbata sauran kayan suna biyansa. A daren yau kafin ka rufe, ƙirga duk abin da ke cikin kantin da farashin Singa na wannan satin, ka rubuta jimillar a shafin farko. Bayan kwana 30 ka sake ƙirgawa, ka aiko mini da lambobin biyu, sai mu duba ko akwai maganar faɗaɗa jari.