Lambun Gida a Tsakiyar Bazara

Ɗana, zauna nan gindin darbejiya, tambayar da ka yi mini jiya ba ta amsuwa a tsaye. Ka ce lambun gidan nan da na tura ka kake kula da shi, sau uku kake ba shi ruwa a wuni, amma da azahar sai ka tarar alayyafo ya langaɓe, furen tumatir kuma sai zubewa yake yi. Kana so ka sani ko ruwa za ka ƙara, ko kuwa ka gaya wa masu gidan su sayo takin zamani. Kada ka yi ko ɗaya. Ruwan da kake zubawa ma ya ishi lambun har da saura, matsalar ita ce ba ya zama a ƙasar.

Bari mu sallami tumatir tukuna, don nasa ba wuya. Lokacinsa ne ya wuce. Tumatir ɗan sanyi ne, shi ya sa manoman Kadawa da Kura, masu shan ruwan dam ɗin Tiga, suke dashe bayan kaka su tsinka cikin hunturu. Yanzu muna Afrilu, zafin Kano yana kai digiri 40, wani lokaci ya haura, dare ma ba ya hucewa. A irin wannan zafi garin da ke cikin furen mutuwa yake yi, fure ba ya ƙulla ɗa, sai ya bushe daga wuya ya faɗi. Ko kogi ka juyo masa haka zai yi. Ka lura da yadda kwandon tumatir yake tsada a kasuwar 'Yankaba daga Mayu zuwa Yuni, ai dalilin ke nan. Ka tsinke ragowar 'ya'yan da suka ƙosa, ka tuge itatuwan. Kafin ka jefa su ramin taki ka ɗaga ganyen ka duba a hasken rana. In ka ga wasu fararen hanyoyi kamar an kankare cikin ganyen, tsutsar nan ce da manoma suka sa wa suna sharon, wadda ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Irin wannan ganye ƙonewa ake yi, ba a binne shi.

To, alayyafo. Langaɓewar azahar ba kullum take nufin ƙishi ba. Ganye yana sakin jiki ne don ya rage ruwan da rana take zuƙe masa. Ka koma wajen bayan la'asar sakaliya ka gani. In ya miƙe kafin magariba, lafiyarsa ƙalau. In ka zo da asuba ka same shi a kwance, to wannan ƙishi ne na gaske. Kuma kada ka yarda da idonka a kan fuskar ƙasa. Soka yatsa har gaɓa ta biyu. Abin da yatsanka ya ji shi ne abin da saiwa take ji.

Na san yadda kake ban ruwan, domin na ga yara da yawa suna yin haka: a riƙe tiyo, a toshe bakinsa da babban yatsa, a yi ta yayyafi har ƙasa ta yi duhu, a wuce gaba. Wannan ruwa bai wuce kaurin yatsa ba yake shiga. Kafin hantsi ya gama ɗagawa rana ta kwashe shi. Abin da ya fi damuna ma shi ne tarbiyyar da kake yi wa saiwoyin. Saiwa inda danshi yake nan take bi. Tunda kullum a sama kake ajiye mata ruwa, sai ta baje a sama, daidai wurin da ƙasa take yin zafin da ba ka iya taka ta ba takalmi. Ran da famfo ya ɗauke na kwana biyu, ka rasa fangalin gaba ɗaya.

Daga gobe sau ɗaya za ka ba da ruwa, da ka fito daga sallar asuba, amma ka ba da shi da gaske. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 2, jarka guda ta lita 25 tana isarsa a wannan zafi. Ka zuba a hankali a gindi, ka jira ƙasa ta shanye, ka ƙara. Ƙananan tsiro da sabon dashe su kaɗai za ka sake leƙawa da yamma. Bishiyoyin kuwa, mangwaro da lemun tsami da gwaibar nan, ba sa son na kullum. Ka yi musu kwano zagaye, ba a jikin kututture ba, can inda inuwar rassan take ƙarewa, domin a nan saiwoyin da suke sha suke. Ka cika kwanon sau biyu a mako.

Sai babban aikin, wanda shi ne rabin sana'ar nan a bazara: ka rufe ƙasa. Ƙasar da aka bari tsirara a Afrilu kamar tukunya ce a kan wuta ba murfi. Ka samo buntun shinkafa, ko ɓawon gyaɗa, ko busasshiyar ciyawa wadda ba ta da 'ya'ya, ko ganyen darbejiyar nan da ake sharewa kullum ana ƙonawa a ƙofar gida, abin da yake ba ni takaici duk ran da na gani. Bayan ka gama ban ruwa ka shimfiɗa shi kaurin yatsu huɗu. Da azahar ka je ka ɗaga shi ka sa tafin hannunka a ƙasan, sannan ka sa a inda ba ka rufe ba. Ba na bukatar in ƙara maka bayani bayan wannan. Ciyawa ma za ta ragu, tunda 'ya'yanta ba sa samun haske. Abu ɗaya za ka kiyaye, kada shimfiɗar ta taɓa karan shukar. Ka bar tazarar tafin hannu, saboda gara tana bin busasshen abu, in ta tarar da shi manne da kara mai rauni sai ta zarce.

Ɓangaren yamma na lambun, inda ba katanga, ka kafa tsohuwar zana ko asabari. Ranar da take kashe ganye ita ce ta azahar zuwa la'asar, ta safe abinci ce. Na'ana'a da latas su ne suka fi bukatar wannan.

Akwai wata dabara ta tsofaffi da nake so ka gwada a gindin gwandar nan. Ka sayi tulu na ƙasa, wanda ba a shafe shi da siminti ko fenti ba, ka binne shi har wuya kusa da ita, ka cika shi da ruwa, ka rufe bakin saboda sauro. Tsatsafar da tulu yake yi, wadda take sanyaya ruwan sha, ita ce za ta riƙa jiƙa ƙasa a hankali, saiwoyi su zo su lulluɓe shi. Ga gidan da yake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ruwan alwala da na wankin shinkafa su ma ka roƙi matan gidan su riƙa tara maka a bokiti. Na omo da na bilic kada su kusanci fangali, gishirin da ke cikinsu taruwa yake yi a ƙasa, kuma ba ruwan saman da zai wanke shi yanzu.

Game da takin zamani da ka ambata, shukar da zafi ya galabaitar ba ta cin taki. In ka watsa yuriya a kan busasshiyar ƙasa mai zafi, wani ya bi iska, wani ya ƙone saiwa. Ni da kaina na taɓa yin wannan kuskure ina yaro irinka. Na zuba ɗanyen kashin kaji a gindin dashen tattasai a irin wannan wata, don ina ganin ya rame. Kwana uku bakin ganyen ya ƙone, ba ko ɗaya da ya tashi, kuma irin na maigidana ne da ya yi shekaru yana adanawa. Har yau in na tuna raina yana sosuwa. Kashin kaji da na awaki da na shanu duka alheri ne, amma sai sun ruɓe. Yanzu ne lokacin haɗa su. Ka haƙa rami zurfin gwiwa a inuwa, ka jera busasshen ganye, ka bi shi da kashin dabbobi, ka barbaɗa toka kaɗan, ka yayyafa ruwa, ka sake jerawa har ya cika. Ka soka sanda a tsakiya ka bar ta. Bayan kwana huɗu ko biyar ka zaro ta. In ka ji ta da ɗumi da danshi, aiki yana tafiya. In ta fito a bushe, ka ƙara ruwa. Duk mako biyu ka juya shi da shebur. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko, daidai lokacin da shukar damina take neman abinci.

Wancan lungu na bayan gidan da ka ce ƙasarsa ta yi tauri kamar daɓe, kada ka fid da rai da shi. Mutanen Illela ta jihar Tawa a Nijar sun farfaɗo da fako mai yawa da abin da suke kira tassa. Ƙananan ramuka ne, faɗin kamar taƙi ɗaya, zurfin kamar tafin hannu, a tara ƙasar da aka tono ta ɓangaren gangare, a zuba taki cikin tafi biyu a kowane rami tun da rani. Gara tana zuwa cin takin, ta huda ƙasar, in ruwa ya sauka ya taru a ramin ya bi hanyoyinta ya nutse. Ka ga a nan gara ma'aikaciya ce. Ka ɗauki dagi ka yi ramukan yanzu, kuɓewa da yakuwa za mu sa a ciki.

Sauran aikin duka na tarbar damina ne, kuma shi yara suka fi mantawa da shi domin sama tana nan fes. Ka san ruwan farko ba ya zuwa shi kaɗai, guguwa da ƙura ne suke yi masa jagora. Zogalen nan da ya yi tsawo ya wuce katanga, itacensa gautsi ne da shi, iska ɗaya za ta karya shi a kan rufin mutane. Ka sare shi daidai ƙugunka da adda mai kaifi, sara ɗaya a karkace don kada ruwa ya kwanta a kai. Zai yi rassa da yawa, ganye ya dawo inda hannun matan gida yake kaiwa. Rassan masu kauri ka yanka su tsawon mita 1 ka jingine a inuwa, in ƙasa ta jiƙu mu kafa su jikin katanga. Ƙananan bishiyoyi ka kafa musu turke ka ɗaure da tsumma, ban da waya, ka bar musu ɗan wurin motsi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Busassun rassan lemun tsami ka cire, amma mangwaro ka bar shi sai an gama tsinke 'ya'yansa.

Ka bi indararo ka ga inda ruwan rufi zai zuba, ka yashe kwata da magudanar da take fita waje. Fangalin da muka yi mai zurfi don ya riƙe ruwa da rani, shi ne zai nutsar da shuka a Agusta. Saboda haka duk wanda ka gama cinye amfaninsa, kada ka sake gyara shi a matsayin fangali, ka ɗaga shi ya zama kunya. Gwanda ta fi kowa tsoron kwanciyar ruwa, kwana biyu gindinta yana cikin ruwa sai saiwar ta ruɓe. Ka tara mata ƙasa ta zama a kan tudu, tulun kuma in damina ta kankama ka daina cika shi.

Ran da aka yi ruwan farko za ka ji hannunka yana ƙaiƙayin shuka. Ka daure. A nan Kano sau da yawa akan yi ruwa ɗaya a Mayu, sannan sama ta ɗauke na mako biyu ko fiye, tsiron da ya fito ya ƙone. Ruwan shuka shi ne wanda in ka tona da fartanya ka tarar danshi ya kai zurfin tafin hannu, kuma aka bi shi da wani. Kafin nan ka gwada irin da muka ajiye: ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma, ka naɗe ka ajiye a inuwa, kada ka bari ya bushe. In 7 ko fiye suka tsira cikin mako guda, irin yana da rai. Na kuɓewa ɓawonsa tauri ne da shi, ka jiƙa shi ya kwana kafin ka gwada.

Gobe kafin ka wuce gidan ka biyo ta nan ka ɗauki baro da dagi. Fartanyarka na ga bakinta ya dakushe, ƙotar kuma tana girgiɗi, ka kai wa maƙeri ya gyara tun kafin manoma su cika masa rumfa. Buntun kuwa buhu uku za ka karɓo a injin casar shinkafa, ka fara rufe fangalin alayyafon da shi. Ran Asabar zan zo in soka yatsana in gani.