Tambaya da Amsa: Ɗaukar Shirin Hira a Teburin Mai Shayi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni da abokaina biyu muna son fara shirin hira na bidiyo, wanda ake kira fodkas, a teburin mai shayin unguwarmu. Mun gwada da waya sau ɗaya, hoton sai ƙyaftawa yake, janareto kuma ya danne muryoyinmu. A ina muka kuskure? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, fara gyara sauti, domin mai kallo yana haƙura da hoto mai duhu, amma ba ya haƙura da maganar da ba ta fita. Makirufon waya na kwasar duk abin da ke kusa da shi, har ƙarar cokali a kofi da kaɗa ƙwai. Ku nemi ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga, kowa da nasa, tazarar taƙi ɗaya daga baki. Ku sa masa soso, musamman da hunturu, don iska. Kada a ajiye makirufo a kan tebur: duk gwangwanin madarar da aka dire sai ya shiga kunne kamar ganga. Ku zauna a bencin da ya fi nesa da janareto, in da bango a tsakani ya fi. Rediyon mai shayi kuwa a roƙe shi ya kashe, saboda YouTube na gane waƙar wasu, yana iya toshe bidiyon.

Ƙyaftawar daga ƙwan lantarki take. Wutar Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, yawancin wayoyi kuma suna ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, lissafin bai daidaita ba. Ku mayar da saitin kyamarar hoto 25 a daƙiƙa. In kyamarar wayar ba ta da wannan zaɓin, ku yi ɗaukar bayan La'asar da hasken rana, lokacin ma jama'a ba su cika ba. Haske ya haska fuska, kada ya zo ta bayan masu magana.

A kafa wayar a kwance kan maɗauki mai ƙafa uku, daidai tsayin idon wanda ke zaune, nesa da tukunyar ruwan zafi, don tururi na dusashe gilashin kyamara. A danna allon a riƙe har saitin haske da kaifin hoto ya kulle, a sa yanayin jirgi don kada kira ya yanke ɗauka. Awa ɗaya a ingancin hoto na 1080p na iya cin gigabait 7 zuwa 8, a samar da wurin ajiya a cikin wayar tukuna. In ana naɗar sauti a wata wayar daban, a tafa hannu sau ɗaya gaban kyamara, da shi za a haɗa sautin da hoton a manhajar gyaran bidiyo ta CapCut.

Teburin nan wurin neman abincin mutum ne. Ku nemi izininsa, ku sayi shayi da burodi, ku faɗa wa masu zama ana ɗauka. Wanda bai yarda ba, a karkata kyamara daga kansa.