Amsa ga Baffa kan ɗakin da ban gina ba

Baffa, barka da war haka. Ya su Inna, ya aikin kaka? Na saurari saƙonka, inda kake cewa tunda yara sun tasa, me ya hana ni ƙara ɗaki a bayan gida, kamar yadda ka tayar wa ƙanina ciki da falo a Ringim da kuɗin riɗi.

A nan Ingila gida naka ne, amma izini biyu ke gaban mai gini, kowanne da ƙofarsa a kansil, wato ƙaramar hukuma. Na farko na tsarin gari ne: girman abin, tsayinsa, ko zai tare wa maƙwabci rana. Shi ba kullum ake nemansa ba. Gida irin nawa, mai jingine da na maƙwabta, zan iya miƙa ɗaki zuwa baya har mita 3 ba takarda, wanda ke tsaye shi kaɗai kuma har mita 4. Katanga iyakar tsayinta mita 2, in a bakin titi ce mita 1. Irin katangarmu da ko mai raƙumi ba ya leƙawa, sai an rubuta an jira wajen mako 8.

Na biyun, ƙa'idar gini, shi ne ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Ko ɗakin bai kai mita 3 ba, sai jami'i ya zo ya ga ramin tushe kafin a zuba kankare. Na gani da idona a gidan wani ɗan Haɗeja da muke Juma'a tare. Magina na tsaye da shebur, jami'in ya duƙa ya ɗebo ƙasa ya murza, ya ɗaga kai ya dubi bishiyar maƙwabci, ya ce a ƙara zurfi. Ƙasar yumɓu ce, saiwa na tsotse ruwanta, tushe ya motsa. Mutumin ya yi ta ƙunƙuni, ni dai na ga gaskiyar jami'in, don na tuna bangon zaurenmu da ya tsage. Haka ma sai jami'i ya duba in za ka fasa bangon da ke ɗauke da bene, ko ka mai da ƙarƙashin rufi ɗakin kwana. Fenti da sauya kabad ɗin kicin kam ba ruwan kowa. Gas kuwa, sai mai rajista zai taɓa.

In aikin zai shafi bangon da kuka haɗa da maƙwabci, wata doka ta 1996 ta ce ka sanar da shi a rubuce wata 2 kafin ka fara, abin da ku gaisuwar bayan Magariba ta isar muku.

Mutanenmu sun daina yin gaban kansu ne saboda ranar sayar da gida. Lauyan mai saye zai nemi takardar kammala aiki, in babu, ciniki ya tsaya. Kansil ma na iya cewa a rushe.

Nawa ɗakin yana hannun mai zane, in Allah ya yarda da bazara za a haƙa. A gaida Inna.